Yadda Na Toshe wa Motata Hanci a Hanyar Banyo

Tun da na dawo daga Banyo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencinmu na bakin mayanka sai ya ce, "Alhaji Sule, yaya hanya?" In na ce lafiya lau, sai ya yi murmushi ya kau da kai, don na san matata Hajja Mairo ta riga ta ba matansu rabin labarin. To ga cikonsa, na rubuta da hannuna, da bokon aji uku da na yi a lekol kafin babana ya ce wuƙa ta fi alli ciyar da gida. In kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi da kanku. Kuma tun yanzu bari in rage muku wahala: a labarin nan wawa ɗaya ne tak. Ba jandarma ba ne, ba makanike ba ne, ba kuma ragon da muka ɗauka ba ne. Ni ne.

Wata Juma'a a tsakiyar damina autata Hadiza, wadda ke aure a Banyo, ta sauka lafiya. 'Ya'ya biyu mata ta yi a baya, wannan karon namiji. Mijinta ya kira ni ya ce sunana za a sa wa yaron. Sai ita ta karɓi wayar da 'yar muryarta ta mai jego ta ce, "Baba, ba na son kowa ya yanka ragon nan sai kai." Shekara arba'in da ɗoriya ina yanka wa mutanen Garwa, ban taɓa yanka ragon takwarana ba. Na ce mata Juma'a mai zuwa da hantsi wuƙata ce za ta yi aikin, ko da rarrafe zan zo.

Ina da wani rago da na yi kiwo da hannuna, na ce shi za a kai. Hajja ta ce kai rago Banyo, garin dabbobi, daidai yake da kai wa kogin Binuwai guzurin ruwa. Na ce takwarana ba zai shiga duniya da ragon da ban san uwarsa ba. Aka share bayan tsohuwar motata mai dogon baya, wadda nake ɗaukar nama da ita, wadda ake kira 'Yar Dattijuwa, aka shimfiɗa masa harawa.

Yanzu sai in faɗi abin kunyar. Mu mahauta mun gaji maganin ƙarfe, kowa ya sani. Marigayi babana ya bar mini nasa: garin sassaƙe da saiwoyi, da 'yar dusa da ƙaro, ana damawa a kunu. Da muka dawo daga Makka Hajja ta sa na yi mata alkawarin zubar da tarkacen nan duka. Na zubar da tulun a gabanta, amma ƙunshi ɗaya ya ɓuya a aljihun wata tsohuwar riga, ni kuma ban matsa masa ya fito ba. Daren tafiya ya matso, sai na zauna na yi nazari irin na masu ilimi. Mene ne hatsarin mota? Ƙarfe ne ya gamu da ƙarfe. Maganin da ya hana wuƙa shiga fata, me zai hana shi hana ƙarfe shiga ƙarfe? Saura tambaya ɗaya: ta ina mota take sha? Tankin mai dai ban haukace ba. Lagireto kuwa zafi zai kashe maganin. Can sai idona ya faɗa kan farar jarkar nan da ke ƙarƙashin murfin inji, mai fesa wa gilashin gaba ruwa. Na ce Allahu Akbar, ga sha ga shafawa: mota ta sha a ciki, sannan ta wanke fuska da shi. Ranar Talata da yamma, Hajja na can tana suyar dubulan na suna, na zuba cikin tafin hannu uku, na cika da ruwa, na girgiza motar da kafaɗa don ya haɗu.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin mota ba, bari mahauci ya feɗe masa abin. Jarkar nan ita ce tumbi. A gindinta akwai wani ɗan famfo da bai wuce ƙodar akuya ba, da wutar batir yake aiki, shi ne zuciya. In ka ja sandar da ke gefen sitiyari sai ya farka ya tura ruwa cikin wani siririn tiyo kamar hanjin kaza. Tiyon ya tafi ya rabu biyu, ya ƙare a wasu 'yan hantuna guda biyu a kan murfin inji, kowanne da huda kamar kafar allura. Su ne ke fesawa, hannuwan nan biyu masu roba, waifa, su share. Duk wannan na san shi. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, yaya sassaƙe zai bi ta kafar allura.

Laraba bayan asuba muka haye gadar Binuwai, kogi ya cika ya batse, rago na baya yana tuƙa. Ba mu kai Ngong ba wata babbar mota ta faɗa kududdufi ta watso mana jar laka. Na yi bisimilla, na ja sanda da alfahari. Wani abu mai launin kunun kanwa ya dalalo daga hancin dama, waifa ta ɗauke shi ta shafe gilashin da shi kamar mai yaɓen ɗaki.

Hajja ta ce, "Alhaji, wane irin ruwa ne wannan?"

Na ce, "Ruwan famfo ne, Hajja. Damina ce, ko'ina haka yake."

Na sake ja. Wannan karon ba ko ɗigo, sai wani kuka zzzz daga gaba kamar ƙudan zuma a cikin gora.

A Ngong muka tsaya shan shayi. Gefen mai shayin akwai wani dattijo mai facin taya, Kawu Hamman ake ce masa, Fillanci ya fi yi masa sauƙi amma Hausarsa ta ishe mu. Ya kalli gilashina ya ce, "Jam na, Alhaji? Ko da gangan ka rufe mata ido don kada ta ga hanya ta tsorata?" Na ce ruwa ne ya ƙi fita. Ya sa na buɗe murfin inji, ya kara kunnensa, ya ce, "Ja in ji." Na ja, abin ya yi zzzz.

Ya ce, "Da ransa. Ka riƙe wannan, Alhaji: kafin ka taɓa komai, ka saurara. In yana kuka, wuta na zuwa, famfo na aiki, ruwa ne bai sami hanya ba. In ya yi tsit, to sai ka nemi laifin a wajen wuta. Yanzu akwai ruwa a ciki kuwa?"

Ya miƙa hannu zai buɗe jarkar. Ban san lokacin da na dafe murfin da tafina ba. Na ce, "Cike take, ni na cika ta da kaina, kada ka wahala." Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce to. Ya roƙi Hajja fil ɗin da ta maƙale gyalenta da shi, ya soka a hantunan biyu a hankali yana juyawa, wani baƙin ɗan tsaki ya fito. Na ja sanda, ruwa ya yi tsartuwa sau ɗaya kamar tsohon da ba haƙori, ya tsaya. Kawu Hamman ya ce, "Na buɗe mata hanci. In ta sake toshewa, ciwon a ciki yake, ba a fuska ba." Na yi godiya, na ja mota da sauri kafin ya ƙara wani ilimin.

Daga nan daji ne. Gwaggon birai zaune a bakin kwalta kamar masu jiran mota, wani babba a cikinsu ya bi ni da kallo, na rantse kallon wanda ya san abin da na zuba ne. Kafin a fara hawan dutsen da ke kai mutum Adamawa akwai shingen jandarmomi. Wanda ya zo wajenmu mutumin kirki ne. Ya duba takardun mota, ya duba takardar likitan dabbobi ta rago, har ya ce ragon ya fi shi ƙiba. Sannan ya sa yatsa ya ja layi a gilashina, layin ya fito fes.

Ya ce, "Papa, da me kake ganin hanya?"

Na ce, "Da ido da tawakkali, ranka ya daɗe."

Ya ce shi ma yana da tawakkali, amma sandar shingen nan ba za ta ɗaga ba sai ya ga fuskata ta cikin gilashi. Hajja ta fito da butar alwala da wani tsohon ɗankwali, ta wanke shi tas, ni ina tsaye ina nuna mata inda ta bari. Ba ta san aikin da ta ɗauka ke nan har Tibati ba.

A hawan dutsen nan ne wasa ya ƙare. Hanya ta yi ta nannaɗewa, hazon ruwa ya sauko, ga yayyafi. A wata kwana babbar motar shanu ta gangaro, ta watso mana laka, ba kaɗan ba, duk gilashin. Duniya ta koma ja. Na ja sanda, zzzz. Waifa ta shafe ɗan abin da ya rage. Na taka birki da ƙafa biyu, motar ta ja gefe, ta ja, sannan ta tsaya. Rago ya faɗi ya tashi yana kuka. Da na buɗe ƙofa na zagaya, tsakanin tayar gaba da bakin kwazazzabo bai wuce taƙi ɗaya ba. Na nemi dutse na zauna.

Hajja ta gama salatinta, ta leƙo ta ce, "Alhaji, in ka kashe mu a nan, me za a gaya wa yarinyar nan ranar Juma'a?"

Kun san abin da na ce a raina? Na ce ka ga aikin magani, ƙarfe bai taɓa mu ba. Ku dubi girman wautar. Abin da ya makantar da ni shi nake yi wa godiya don ban faɗa rami ba.

Daga nan muka shiga sabon tsari. Hajja ta sauke gilashin gefenta, in an watso laka sai in rage gudu, ta miƙa hannu waje ta kwarara ruwan buta. Sai dai hannunta ba ya kai gefena. Nata ɓangaren tas, nawa kamar bangon jar ƙasa. Sai ta zama ita ce idon, ni ne hannun: "Dama. Dama na ce! Ga rami. Ga saniya." Shekara talatin da takwas da aure, ban taɓa bin maganarta a jere haka ba.

Mun shiga Ngaundere da la'asar sakaliya, muka sauka gidan abokina na ƙuruciya, Alhaji Bakari, tsohon direban motar shanu. Garin nan ban gane masa ba. Mu a Garwa sai mutum ya kwana a tsakar gida yana roƙon iska ta ji tausayinsa, su kuwa bargo biyu aka ba ni, na nemi na uku. Mutane na yawo da rigar sanyi a watan da mu muke neman inuwa. Aka kawo tuwon masara da kindirmo mai kauri wanda cokali ke tsayawa a cikinsa, wannan kam sun fi mu, ba gardama. Amma aka biyo da wani ɗan itace kore da suke ji da shi, fiya, suna shafa shi a burodi. Ba zaƙi, ba tsami, ba ɗaci, kamar hirar suruki. Na ci don kunya.

Da safe, ranar Alhamis ke nan, na ja sanda don Bakari ya ji kukan, sai tsit. Ya ce, "To, yau kuma wuta ce." Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe wani ɗan akwati cike da 'yan robobi masu launi, ya zaro ɗaya ya ɗaga wa rana. Siririyar wayar da ke cikinta ta tsinke.

Ya ce, "Fiyus ne. Shi bawan Allah ne, shi ke mutuwa don famfo ya rayu. Jiya sau nawa ka ja sandar nan?"

Hajja ta ce daga bakin ƙofa, "Ka tambaye shi sau nawa ya sake ta."

Ya ce, "To ka ji. Famfo na turawa, hanya a rufe, ya yi ta ɗaukar zafi. Da babu wannan da shi ne ya ƙone." Ya ɗauko wani mai launi ɗaya da lamba ɗaya ya sa, ya gargaɗe ni kada in yarda wani ya naɗe mini mataccen da takardar azurfa irin yadda suke yi a zamaninsu, don haka wata motarsa ta taɓa kamawa da hayaƙi. Kuka ya dawo, ruwa bai dawo ba. Sai ya zare tiyon daga bakin famfo, ya sa baki ya busa, ya ce in sa yatsa a hantunan. Iska na fita ta duka biyun.

Ya ce, "Tiyo bai tsinke ba, bai lanƙwashe ba, hanci a buɗe. Kuma ka ga na cire tiyo amma famfon ko ɗigo bai zubar ba. Saura ciki. Kawo sifana mu sauke jarkar."

Na ɗaga kai na dubi sama na ce rana ta yi, Banyo da nisa.

Bakari ya goge bakinsa, ya ɗan tsotsi leɓensa kamar mai tuna wani ɗanɗano, ya ce, "Sule, tun muna samari in ka kalli rana ƙarya za ka yi." Amma ya mayar da tiyon ya ce Allah ya kiyaye hanya. Aboki ke nan.

Hanyar Tibati wani wurin kwalta, wani wurin laka, ruwan sama kuma ya ƙi yin mai ƙarfin da zai wanke mana gilashi, sai yayyafin da ke jiƙa datti. Duk rafin da muka gani sai an tsaya an cika buta. Tafiyar da ya kamata mu gama da hantsi sai bayan azahar muka shiga Tibati. A tasha aka ce mana abin da ya rage zuwa Banyo shi ne mai wuyar, wanda bai tashi kafin la'asar ba ba zai shiga da haske ba. Ni kuwa idona in rana ta faɗi shi ma ya tashi daga aiki. Ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta inda za mu. Hajja ta gwada ɗaga buta, hannun ya ƙi wuce kafaɗa.

Ta zauna a kan benci ta ce, "Alhaji, ka saurare ni. Ko a gyara abin nan yanzu, ko in sa a ɗaura mini ragon nan a motar haya in wuce. Auta ta ce kai za ka yanka, amma shari'a ba ta ce sai kai ba. Banyo ba a rasa mai wuƙa ba."

Wannan magana ta fi kwazazzabon jiya tsorata ni. Aka nuna mana rumfar wani makanike, Metir Pol, Kirista ne daga duwatsun Mokolo, gajere kakkaura, Hausarsa ta kasuwa ce amma ba ta ɓata hanya. Na fara jero masa ilimin da na tara: famfo na kuka, fiyus sabo, tiyo a buɗe, hanci a buɗe. Ya ce, "Alhaji, ai ka gama aikin, me ya rage?" Kafin in kai hannu ya ɓalle murfin jarkar. Ya ja da baya taku biyu. Ya dawo ya sake shinshinawa a hankali, irin ta masani.

Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Mu mutanen dutse mun san ƙamshin nan. Wa ya dafa maka burkutu a mota? Kwana biyu ya yi, gobe ya nuna."

Masu zaman rumfar suka fashe da dariya. Ni da na je Makka, a ce ina yawo da giya a gaban mota! Na ce a'uzubillahi. Ya kwance jarkar, ya juye ta a kwano. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, kunu ne mai kauri yana kumfa, ga guntayen sassaƙe na iyo. Ya zare famfon daga robar da ke riƙe da shi, ya nuna mana wata 'yar rariya a bakinsa, ba ta kai kan babban yatsa ba. Ya ce aikinta ta tare datti kada ya kai ga hanci. Ta tare kuwa, har ta zama kamar an liƙe ta da danƙo.

Hajja ta taso. Ta sa yatsu biyu a kwanon, ta ɗauki guntun sassaƙe, ta shinshina. Ta mayar da shi cikin kwanon. Sannan ta ce, a hankali, "Wannan na marigayi ne."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na ji sauƙi. Na cire hula na mayar, na sake cirewa. Na faɗi gaskiya duka a gaban baƙi, har nazarin ƙarfe da ƙarfe, har girgiza mota da kafaɗa. Wani mai babur ya yi dariya har sai da ya riƙe ginshiƙin rumfa.

Metir Pol ne ya rufa mini asiri. Ya ce, "Ku bar dattijo. Ni ma ranar da zan bar dutse uwata ta ba ni wani ƙulli ta ce ya tsare ni. Yana nan a akwatina har yau, don nata ne. Amma ban taɓa ba inji ya ci ba. Alhaji, ita mota ba maita take tsoro ba, datti take tsoro."

Ya wanke jarkar sau uku, ya goge rariyar da tsohon burushin haƙori, ya tura ruwa mai tsabta ta cikin tiyon har ya fito garau. Ya cika ta da ruwan da ya tace da ƙyalle, ya ɗiga ɗan ruwan wankin gilashi. Ya ce kada in sa garin sabulu, shi ma daskarewa yake ya toshe, kada in ɗebi ruwan rafi mai yashi, kada kuma in riƙa jan sanda in jarka ba ruwa. Robar waifa ya ce laka ta cinye ta, ya sauya. Da aka gwada, hancin hagu ya harba ruwa ta saman mota ya jiƙa mai babur ɗin nan mai dariya, na ce alhamdu lillahi, Allah ba ya barci. Metir ya karɓi fil ɗin Hajja, ya sa a hudar ya ɗan karkata ta ƙasa. Na sake ja. Ruwa biyu suka tashi tare, fari tas, suka sauka a tsakiyar gilashi, waifa ta bi sau biyu. Wallahi na ga Tibati kamar yanzu aka gina ta.

Kafin mu tashi matar Metir ta kawo mana soyayyen kifi, wanda garin ya yi suna da shi, da wani abu dogo naɗe da ganye da zare, na rogo. Na tambaya ko da ganyen ake ci, aka ce a'a. Da na warware na gatsa, na ce wannan ai tiyon da aka cire ne aka dafa. Amma da kifi da yaji ya wuce, har na ci biyu.

Mun tashi ana kiran la'asar. Hanyar Banyo ba a yi mata ƙarya ba. Rami na bin rami, babura na wuce mu ɗauke da abin da mu a Garwa sai mun kira amalanke: na ga guda da mutum uku da buhu da ɗan maraƙi a tsakiya, maraƙin ne ma ya fi su natsuwa. Duk wanda ya wuce sai ya watso mana rabonmu. Ni kuwa in ja sanda, fuuu, in ga hanya. Har na fara ja ko babu laka, don daɗi. Hajja ta naɗe hannuwanta a ƙirji, ta kalli gaba, ba ta ce mini dama ba, ba ta ce hagu ba. Na yi mata hira a kan shanu, na yi a kan tsadar gero, na yaba ƙarfin hannunta, shiru. Ruwan ya sauko sosai muna hango garin, muka shiga unguwar su Auta ana kiran magariba. Auta ta fito har ƙofar ɗaki, ta ce, "Baba, ka zo." Na ce ai na faɗa miki. Ban ce mata komai a kan rarrafen da aka yi ba.

Juma'a da hantsi liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce Sulaimanu. Aka kayar da ragona. Na yi bisimilla, na sa masa wuƙa da hannuna. Mahautan Banyo suka tsaya kallon fiɗa, wani ya ce dattijon nan na Garwa bai bar ko tsoka ɗaya a fata ba. Kaina ya kumbura, wauta ta sami wurin dawowa.

Da aka natsa aka kai ni ɗakin mai jego, aka sa mini takwarana a hannu. Ja ne, da gashi cike da kai, yana ta shan iska da ɗan hancinsa. Hajja na gefe, wata tsohuwa na gasa mata kafaɗa da ruwan zafi. Na ce wa yaron ya kwantar da hankalinsa, sunan nan da ya ara na mai tarihi ne. Sannan na dubi Auta na ce, "Kowa ya faɗi abin da zai faɗa, amma daga Garwa har nan ko ƙwarzane 'Yar Dattijuwa ba ta yi ba. Akwai ɗan ragowa a aljihuna. In takwara ya fara shan kunu, a ɗan barbaɗa masa."

Tun Tibati Hajja ba ta tanka wa maganata ba, sai a nan, kuma ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Auta, karɓe ɗanki. Motar da ya ba wa, hanci biyu gare ta ya toshe su. Shi ma biyun ne da shi, kuma Metir Pol yana Tibati."